Wayar da Babanku Ya Yanke

Ayuba, da kai nake, amma ƙannenka ma su buɗe kunne. Kirsimetin bara ina kicin ina tuƙa tuwon acca na ji kana gaya wa matarka wai da Babanku bai hana ni ba, da yanzu ni tsohuwar nas ce a Jos ina cin fansho. Ka ɗauka kunnena ya mutu? Ban tanka ba saboda akwai baƙi, amma maganar ta tsaya mini a wuya har yau. Babanku ya yi shekara shida a ƙasa, ba zai tashi ya kare kansa ba, kuma ko yana raye ma ba zai yi ba, don mutumin nan sai ka yi masa tambaya uku kafin ka samu amsar ɗaya. To ni zan faɗa. Babu wanda ya hana ni komai. Maganar duk tana jikin madubin motar nan mai dogon hannu da ke rataye a falo, wanda ƙanwarka Briskila take neman jefarwa tun ranar da aka yi wa gidan fenti.

Kana da shekara huɗu lokacin, muna ƙauyen Babanku a bayan Nok, kuma kana da ƙanwa, Saratu, wadda ba ka tuna ta. Watanta bakwai. Zazzaɓi ya kama ta a farkon damina, ya ƙi jin maganin gida. Da gari ya waye na goya ta, ni da Babanku muka bi hanyar ƙafa har bakin titi don mu kai ta asibiti a Kafanchan. Ba ranar kasuwa ba ce. Muka tsaya, muka zauna, muka sake tsayawa. Babur biyu suka wuce, kowanne da mutum uku a kai. Bas ba ta zo ba sai da rana ta raba tsaka, kuma kafin mu wuce Kwoi na ji bayana ya yi nauyi irin wanda ban taɓa ji ba. Ban kwance goyon ba sai da muka koma gida.

Kwana tara da binne ta, Babanku ya sayar da busasshiyar cittar da muka ajiye, ya sayar da bijimai biyu, ya rataya jaka ya ce zai je Kwatano sayen mota. Mota! Ni ko ruwa ba ya wuce mini, shi kuma zancen mota yake yi. Bai yi kuka a gabana ba, bai ambaci sunan yarinyar ba ko sau ɗaya. Ya bar ni da Kakarku, wadda mutuniyar kirki ce amma bakinta ba ya da birki. Hausarta kuma kun san ta, mace da namiji duk ɗaya ne a wurinta.

"Rifkatu, kukan ya isa haka," ta ce mini. "Kai yarinya ne, za ka haifi wani."

Na san alheri take nufi, amma a ranar na rubuta wa wana, Yaya Yohanna, wasiƙa. Yana aiki a Jos, kuma ya daɗe yana jin haushin na gama sakandare na ƙare a gonar citta. Kafin Babanku ya dawo amsa ta zo: ya samo mini gurbi a wata makarantar koyon aikin jinya ta mishan, za a fara a makon farko na Oktoba. Na shirya komai a raina. Zan kai ka wurin Mamata a Madakiya, in wuce Jos, kuma ban yi niyyar sake kwana a ɗakin Babanku Bulus ba. Wannan ita ce gaskiyar da ban taɓa gaya muku ba. Ba karatu kaɗai zan tafi ba, auren ne zan bari.

Bayan mako uku sai ga shi da motar. A-kori-kura ce fara, irin tsofaffin nan da aka fara kwasowa daga Turai a shekarun, da ƙugiya a bayanta. Amma abin da ya tara yara da manya shi ne madubanta na gefe. Kowanne yana kan hannun ƙarfe mai tsawon kamu biyu, ya fito waje sosai, saboda wai Baturen da ya yi amfani da ita yana jan wani ɗan gida mai taya ne in za shi hutu, sai da dogon madubi yake hango bayansa. Kafin ya kashe injin an riga an raɗa mata suna Kunnen Zomo. Ni ina bakin ƙofa ban matsa ba. Da ya shigo na ba shi ruwa, na miƙa masa wasiƙar Yaya Yohanna, na gaya masa abin da na yanke. Ya karanta ta har ƙarshe, ya ninke, ya ba ni.

"To," ya ce.

To kawai! Da ya yi faɗa ma da na ji daɗi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa da ƙarfin da ya sa ƙasa ta zubo daga bango.

A makon farko ya yi wa motar abin da kowane mutumin garinmu zai yi. Ya wanke ta a rafi, ya kunna duk wani makunni da ya gani don ya san aikinsa, ya bar ɗaya a kunne bai sani ba. Da ya zo goge madubi sai ya ji shi da ɗumi kamar kofin shayi. Ya taɓa na ɗaya gefen, shi ma haka. Hankalinsa ya tashi, ya ce waya ce ta haɗe, motar da ya sayar da shanu ya saya za ta kama da wuta. Dattawan da ke wurin duk suka yarda, don wa zai yi tunanin akwai ƙasar da mutum zai sa wa madubi wuta da gangan? Ya ɗauko filaya ya bi siririyar wayar da ke shiga hannun kowane madubi ya datse, ya naɗe bakin da baƙin tef. Har godiya ya yi a coci ranar Lahadi, cewa Ubangiji ya nuna masa haɗari tun kafin ya auku.

Daga nan ya sa wani mai walda a Kafanchan ya haɗa masa 'yar tirela mai taya biyu, ya fara ɗaukar kayan mata zuwa kasuwa: ɗanyar masara, gyaɗa, buhunan citta, wani lokaci har aladu. Bayan motar yana cika har sama, madubin ciki ba ya ganin komai sai buhu. To kun san safiyar damina a wajenmu. Hazo yana sauka daga kan duwatsu ya kwanta a hanya, raɓa ta rufe gilashi, ka goge yanzu kafin ka ƙirga ashirin ya sake yin gumi. Madubin hagu yana kusa da shi, yana miƙa hannu ya share. Na dama kuwa yana can nesa a kan dogon ƙarfensa, kuma da shi ne ake ganin tayar tirela in an zo kwana ko ƙaramar gada. Wata safiya tayar ta zame a bakin kwalbati, buhu huɗu na masarar mutane suka faɗa ruwa. Washegari ya tsaya a bakin ƙofata yana murza hularsa.

"Maman Ayuba, ina neman taimako."

"Na me?"

"Madubin dama. Ina so a riƙa goge mini shi. In ba ki da abin yi da safe."

"Duk garin nan ba ka ga mai hannu ba sai ni?"

"Masu hannu suna gona," ya ce. "Zuwa Oktoba ne kawai. Lokacin hazon ya ɗauke."

Na yarda ne don ɗakin ya ishe ni. Duk inda na juya sai in ga inda nake shimfiɗa ta. Kakarku ta ce za ta riƙe ka, ni kuma na shiga gaban Kunnen Zomo na zauna can jikin ƙofa, na bar fili tsakanina da shi wanda zai ɗauki mutum biyu. Aikin ba wuya amma ba hutu. In sauke gilashi, in fitar da rabin jikina waje, in kama ƙarfen da hannun hagu, in share madubin da bakin zanena, sanyi yana dukan fuskata. Makonni biyun farko maganarmu ba ta wuce wannan ba.

"Taya?"

"Tana nan."

"Kwalbati?"

"Matsa hagu. Hagu na ce, Bulus, ko ba ka san hagunka ba?"

Direbobin tasha suka sa shi a gaba. Wai Bulus ya ƙi biyan kwandasta ya ɗauko matarsa, wai gobe za a ga Kakarku tana lodi. Yana jin su sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗaure igiya. Ni ce ba na bari ta kwana. Na gaya wa wani mai ƙaton ciki a cikinsu cewa ranar da matarsa ta yarda ta zauna kusa da shi na awa biyu ya zo in saya masa shayi. Matan da ke zaune a kan buhuna suka yi ta guɗa. A hankali na san su duka, na san wadda mijinta ke sha, na san wadda ke ɓoye kuɗin gyaɗa a cikin kallabi. Ranar da na fara dariya kuwa, wani mai wa'azi ne a kan keke, ya buɗe lema yana tafiya a gefen hanya cikin natsuwa, madubin dama ya zo ya ɗauke lemar cak, muka yi gaba da ita tana lilo. Babanku ya taka birki ya fita da gudu yana ba da haƙuri da Hausa da Jabanci, ni kuma ina cikin mota ina riƙe ciki har hawaye. Da ya dawo ya zauna ya daɗe yana kallona kafin ya tayar da motar.

Akwai wani abu da na gani a watannin nan ban ba shi muhimmanci ba. Duk wanda ya zo da marar lafiya, ko an gama lodi, Babanku sai ya sa a sauke buhu a yi wa mutum wuri, kuma ba ya karɓar ko kwabo. Wata safiya muka ɗauki wata yarinya 'yar maƙwabtanmu da ɗanta yana suma, ya cire tirelar ya bar ta a bakin hanya da kayan mutane, ya yi gudun da ban taɓa ganin ya yi ba. Yaron ya rayu, shi ne Markus mai shagon siminti yanzu. Ni a lokacin haushi ma na ji. Na ce a raina, ɗan wani ka iya yi wa gudu.

Ana saura kwana uku in tafi, fitilar motar ta lalace, muka kai ta wurin Malam Isiyaku mai gyaran wayar mota a bayan kasuwar Kafanchan. Mutumin gari ne, kakanninsa ma a nan aka haife su, kuma tun ranar da motar ta zo shi yake duba ta. Babanku ya tafi sayen ƙwan fitila, ni ina zaune a benci ina cin gyaɗa. Malam Isiyaku ya zagayo gefen dama, ya ɗaga guntun wayar nan mai baƙin tef, ya girgiza kai.

"Maman Ayuba, har yau maigidan bai yarda a haɗa wannan ba?"

"A haɗa me, Malam? Ai ita ce ta so ƙona motar."

Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Wace irin ƙonawa? Ai aikinta ke nan. A ƙasarsu sanyi yana daskarar da ruwa a kan gilashi, shi ne suka sa wani siririn ƙarfe a bayan madubin yana ɗumama shi. In kin kunna, raɓa ba ta zama, hazo ba ya kama shi. Ko gogewa ba sai an yi ba."

Na ajiye gyaɗar.

"Shi ya sani?"

"Tun watan Yuli na gaya masa. Na ce aikin minti biyar ne, ba zan karɓi komai ba. Ya ce in bar ta yadda take, wai yana da mai goge masa." Sai ya dubi fuskata, dariyar ta ɗauke. "Subhanallahi. Ko na yi ɓaranɓarama ne?"

Kai, ranar na ji wuta a kaina. Wata uku ina fitar da jiki waje cikin sanyi, kafaɗata tana ciwo, zannuwana biyu sun koɗe a baki, direbobi suna mana dariya, ashe da makunni ɗaya za a gama! Na ce wa Malam Isiyaku ya haɗa ta yanzu-yanzu, duka biyun, kuma kada ya gaya masa. Ya ce shi dai ba ya son shiga tsakanin miji da mata, amma waya aikinsa ce. Ya haɗa, ya nuna mini makunnin, wani ƙarami a ƙasan rediyo mai zanen layi uku a karkace.

Ranar tafiyata ta zo. An riga an kai ka Madakiya. Akwatina yana bayan mota a kan buhunan citta, shirin kuwa shi ne in mun isa Kafanchan ya sauke ni a tashar Jos. Hazon safiyar ya fi na kullum kauri, ko bishiyar da ke gaban coci ba a gani. Da ya tayar da mota na miƙa hannu na danna makunnin, na naɗe hannuwana a ƙirji, ban sauke gilashi ba. Muka fita gari. Ina kallon madubin dama ta wutsiyar ido, raɓar ta fara tsagewa daga tsakiya, ta yi ta ja da baya har ya fito tas, ga tayar tirela tana juyawa a ciki kamar an zana. Babanku ya kalli madubin, ya kalli makunnin, ya kalli hanya. Muka wuce kwalbati na farko ba wanda ya ce taya. Muka wuce na biyu. Da muka fito bakin titi, daidai wurin da muka tsaya da Saratu, sai ya gangara gefe ya kashe mota.

"Isiyaku ne," ya ce.

"Isiyaku ne. Shi aƙalla yana da baki. Wata uku, Bulus! Ka mayar da ni abin dariya. Me na yi maka?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Na ɗauka zai sake ce mini to, kuma na rantse da ya faɗa da na sauka na ɗauki akwatina na tafi da ƙafa.

"In na haɗa wayar, ba ki da dalilin shigowa," ya ce. "Ni kuma ban san wata hanyar da zan ce ki zauna kusa da ni ba."

Na juyo na dube shi. Ya nuna wani dutse a gefen titi da haɓarsa.

"A kan wancan kika zauna. Ni ina tsaye a nan ina ɗaga wa babur hannu. Awa shida, Rifkatu. Ina da shanu, ina da rumbu cike da citta, 'yata tana mutuwa a bayanki, ban da abin da zan ɗauke ta da shi. Da muka binne Saratu na ce ba za a sake jiran mota a garin nan ba, ko zan sayar da rigar jikina. Na kasa zama in kalle ki. Duk lokacin da kika dube ni sai in ga kamar tambayata kike yi."

Wannan ne karo na farko da na ji sunanta a bakinsa tun ranar. Ya faɗe shi, sai muryarsa ta karye, ya kifa goshi a kan sitiyari, ƙaton mutum kamar Babanku yana kuka kafaɗunsa suna rawa. Matan da ke baya suka yi tsit, waɗanda ba su taɓa yin shiru ba tunda na san su. Ni da na yi wata biyar ina cewa mutumin nan dutse ne, ashe tare muke ɗauke da abin, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Na ji kunya, na ji tausayinsa, kuma haushin bai gama tafiya ba, duka a lokaci guda.

"Kai wawa ne, Baban Ayuba," na ce masa, ina kuka ni ma. "Da ka faɗi wannan tun watan Mayu."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Tayar da mota, masarar mutane za ta yi yaushi."

Ya share fuska da hularsa ya tayar. Ni kuma na miƙa hannu na kashe makunnin. Ba a yi nisa ba raɓa ta fara taruwa a madubin, ta rufe tayar, ta rufe hanyar. Na sauke gilashi, na fitar da jiki, na share shi da bakin zanena.

"Taya?" ya ce, a hankali.

"Tana nan."

Da muka isa Kafanchan bai tambaye ni ko ya bi ta tashar Jos ba, ni ma ban ce ya bi ba. Akwatin ya je kasuwa ya dawo gida tare da buhunan da ba a sayar ba. Kakarku ta gan shi ana saukewa, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta rufe, kuma wannan shi ne babban abin al'ajabin da na gani a shekarar.

Ba zan ce muku abin bai ci mini komai ba. Yaya Yohanna ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata, don ya zubar da mutuncinsa wajen nemo gurbin. Har yau in na je asibiti na ga mace sa'ata da farar riga tana ba da umarni, wani abu yana ɗan tsikarata a ƙirji, kuma na san da na iya aikin, wataƙila ma fiye da ita. Babanku ya sani. Da kuka ɗan tasa, sau biyu yana cewa in sake nema, shi zai riƙe gida. Ni ce na ce a'a, lokacin an haifi Briskila da Dauda, kuma na riga na fara sayen citta da kaina ina kaiwa Kafanchan. Zaɓina ne, na yi shi ido buɗe a bakin titin nan, saboda haka kada in sake jin wani ya ɗora masa.

Kunnen Zomo ta yi mana shekara goma sha ɗaya kafin injinta ya gaji. Wayar da Malam Isiyaku ya haɗa tana nan a haɗe duk tsawon lokacin, makunnin yana aiki sarai, kuma in Babanku zai yi tafiya shi kaɗai yana kunna abinsa. Amma in ina cikin motar ba wanda yake taɓa shi. Ranar da masu sayen ƙarfe suka zo ɗaukarta, ya ɗauko sifana ya kwance madubin dama ya kawo mini ɗaki, ya ajiye a kan gado, ya fita.

Briskila, in ƙura ce take damun ki a jikinsa, ki bar shi. Ni nake goge shi.